SHARHI: Jiragen cikin gari na Abuja da Legas: Wa ke tsaye kan masu gyaran wutar?

A ranar 29 ga Mayu, 2024, Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe jirgin ƙasa na cikin garin Abuja, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya fara ƙaddamarwa a watan Yulin 2018. Tsakanin bukukuwan biyu, jirgin ya shafe kimanin shekara huɗu a tsaye. An dakatar da shi a 2020 lokacin annobar korona, kuma kafin a waiwaye shi ɓarayi sun riga sun yi wa wayoyinsa da na'urorinsa ta'adi. Layi ne mai tsawon kusan kilomita 45 da tashoshi 12, wanda kamfanin CCECC ya gina da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na Chana. Bashin bai tsaya ba a shekarun da jirgin ya tsaya.

Abin da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya ɗauka daga wannan labari shi ne, abin da ke kwantar da jirgin zamani ba kasafai yake zama injin ko tarago ba. Wuta ce da wayoyinta, da kuma mutanen da aka ɗora wa alhakin duba su.

Jiragen Abuja da man dizal suke tafiya, amma hakan bai raba su da lantarki ba. Na'urorin ba da hanya, da masu juya layi, da rediyon da direba ke magana da ɗakin sarrafa zirga-zirga, da fitilu da kyamarorin tasha, duk wuta suke ci. Idan batiran ajiya suka mutu ba a sani ba, ranar da aka ɗauke wuta janareto kuma ya ƙi tashi, jirgi mai cikakkiyar lafiya dole ya tsaya, domin direba ba shi da tabbacin cewa hanyar gabansa a buɗe take.

A Legas lamarin ya fi haka nauyi. Layin Shuɗi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a ranar 4 ga Satumba, 2023 daga Marina zuwa Mile 2, tazarar kilomita 13, da lantarki kai-tsaye yake gudu. Akwai ƙarfe na uku da aka shimfiɗa a gefen dogon, ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 750, jirgin kuma yana zuƙar wutar ta wani takalmin ƙarfe da ke gogar sa. Shi ya sa hukumar LAMATA ta yi ta gargaɗin jama'a kada su tsallaka layin. A makonnin farko ma, injin dizal ne ya riƙa jan taragun kafin a kammala haɗa wutar. Gwamnatin jihar ta kuma yi wa layin tanadin tashar wuta tasa ta kansa, don kada ya dogara kacokan da babban layin wutar lantarki na ƙasa, wanda ya faɗi sau da dama a 2024 kaɗai.

Samar da wutar rabin aiki ne. Sauran rabin yana hannun shugaban masu gyara, mutumin da ba a ganin sa ranar yanke ƙyalle. Aikinsa yakan fara bayan jirgin ƙarshe ya shiga gareji, cikin 'yan sa'o'in da suka rage kafin asuba. Shi ne zai nemi a kashe wutar sashen da za a taɓa, ya sa kwaɗo a makunnin don kada wani ya mayar da ita bisa kuskure, ya gwada ƙarfen ya tabbatar babu wuta, ya ɗaure shi da wayar da ke kai wuta ƙasa, sannan ya sa hannu a takardar izinin aiki. Idan an gama, sai ya ƙirga mutanensa da kayan aikinsu kafin ya ce a kunna. Sufana guda da aka mance a kan layi ta isa ta haddasa gobara.

Shi ne kuma mai riƙe da littafin tarihin kowace taransfoma da kowace mahaɗar waya: yaushe aka duba ta, wane zafi ta nuna, ko ruwa ya fara shiga. A Legas iskar gishiri da damina ce ke cin ƙarfe. A Abuja ƙurar hunturu ce da zafin bazara da tsawa, ga masu haƙa su yanke tagulla. Lalacewar wuta a hankali take tafiya, wata bayan wata, kuma wanda ke karanta littafin ne kawai zai gane inda ta dosa.

Ƙasashen da suka riga mu sun biya kuɗin wannan darasi. A birnin Washington na Amurka, ranar 12 ga Janairu, 2015, wayoyin ƙarfe na uku sun yi ta tartsatsi a cikin rami kusa da tashar L'Enfant Plaza, hayaƙi ya turnuƙe wani jirgi da ya maƙale, mace ɗaya ta rasu, aka kwashi gommai zuwa asibiti. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta ɗora laifin a kan raunin dubawa da gyara. Bayan wata gobarar makamanciyarta, a ranar 16 ga Maris, 2016 aka rufe dukkan layukan birnin yini guda cur domin a duba wayoyi kusan 600. A Addis Ababa, jirgin lantarkin da aka buɗe a 2015 da jirage 41 ya kai matsayin da ko rabinsu ba sa fita aiki saboda rashin kayan gyara. A Afirka ta Kudu, ɓarayi sun kwashe wayoyin saman layukan kamfanin PRASA lokacin kullen korona, har hanyoyi da dama suka daina aiki shekaru. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan ne maganar ta dawo kan teburan Abuja, domin yawancin abin da ke ɗaure hannun shugaban masu gyara a ofis ake ƙulla shi.

Na farko kasafin kuɗi. Gina layi yana shiga babin manyan ayyuka, mai lamba da suna da ranar ƙaddamarwa. Sayen batir da man taransfoma da safar hannu mai hana wuta kuwa yana faɗawa cikin kuɗin gudanarwa, wanda shi ake fara matsewa idan kuɗin shiga ya gaza. Dokar Shugaban Ƙasa mai lamba 11 da Buhari ya sa wa hannu a watan Afrilun 2022 ta amince cewa kula da kadara aiki ne mai zaman kansa, amma gine-ginen gwamnati ta fi mayar da hankali a kai. Layin dogo na bukatar kwatankwacinta, da kaso sananne da ba a taɓawa.

Na biyu sayen kaya. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 an yi ta ne don toshe ɓarna, kuma tana da amfaninta. Sai dai fayil ɗin da ke yawo daga tebur zuwa tebur tsawon watanni bai dace da mahaɗar wayar da ta fara zafi ba. Mafita ita ce yarjejeniyar shekara da masu kawo kaya, da rumbun kayan gyara da ake cikawa tun kafin bukata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku iko da daraja. Mai duba aikin wuta dole ya kasance yana da ikon cewa jirgi ba zai fita gobe ba, ba tare da tsoron takardar tuhuma daga sama ba. Da yawa daga cikin ƙwararrun wannan fanni masu takardar HND ne, waɗanda bambancin da ke tsakaninta da digiri ya daɗe yana daƙile musu ƙarin girma. Wanda aka horas ya ƙware, in ya ga hanya a toshe, kamfanin mai ko ƙasar waje ce za ta ɗauke shi. Haka nan duk kwangilar da aka bai wa kamfanin ƙetare ya kamata ta fayyace 'yan ƙasa nawa za a horas, da ranar da za su karɓi ragama, da miƙa zanen wayoyi da littattafan na'urori ga hukuma.

Na huɗu ido daga waje. Hukumar NEMSA ke da alhakin duba ingancin kayan lantarki, COREN ke yi wa injiniyoyi rajista, NSIB kuma tun dokar 2022 take binciken haɗurran jiragen ƙasa. Bai kamata a jira haɗari kafin a ga waɗannan hukumomi a bakin layi ba.

Gyaran kundin tsarin mulki na watan Maris 2023 ya bai wa jihohi damar gina layin dogo da samar da wuta, kuma jihohi kamar Kano da Kaduna sun daɗe suna maganar jirgin cikin gari. Duk mai taimaka wa minista ko gwamna da za a kawo wa irin wannan takarda, ya buɗe shafin kuɗin kulawa kafin shafin hoton tasha. Ya tambayi masu gyaran wuta nawa za a ɗauka, wa zai shugabance su, kuma daga wane asusu za a sayi batiran shekara ta biyar.