Masu Yabon Sardauna, Ina Gadon Nasa?



Duk shekara idan 15 ga Janairu ta zagayo, 'yan siyasa kan cika rediyo da yabon Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda sojoji suka kashe a Kaduna a 1966. Kowa ya ce shi ne magajinsa. To, muna da magana da su.

Ba mu musun girman mutumin. Jinin Shehu Usmanu ne, haifaffen Rabah, ya yi karatu a Kwalejin Katsina. Ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938 bai samu ba, aka naɗa shi Sardauna. Ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, ya kafa jami'a a Zariya a 1962. Ba kuma za mu ɓoye abin da ya ɓata mana rai ba: rangadin musuluntarwa da ya yi a ƙarshen mulkinsa, alhali yana kan kujerar da ta zama ta kowa da kowa.

Amma wa ya damƙa wa lafiyarsa? Dokta Ishaya Audu, Bahaushe Kirista, wanda ya shugabanci jami'ar nan daga 1966 zuwa 1975. Michael Audu Buba minista ne a gwamnatinsa. Sunday Awoniyi ya yi aiki kusa da shi. Ba a ce su sake suna kafin a ba su amana ba.

Yau fa? Yaronmu, wanda kaburburan kakanninsa ke nan ƙasar Ƙaraye da Rogo, ya je wani ofishi neman takardar shaidar asali. Da aka ga sunansa na baftisma, sai aka ce wai Bahaushe ba ya zama Kirista. Hoton Sardauna kuwa na rataye a bangon ofishin! Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Duk mai cin abinci da sunan Sardauna, sai ya yi mana abin da Sardauna ya yi wa Ishaya Audu.

Dattawan ikilisiya, mu ma da namu laifin. Gunaguni a bakin majami'a ba ya kawo takarda. Mu sa yaranmu a makaranta, mu yanki katin zaɓe, mu rubuta kowace ƙorafi da ranarta, mu kai cikin ladabi ba tare da tsoro ba. Nan aka binne cibiyarmu. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.