Wadar zuci, koyonta ake yi

Kiristocin ƙasarmu, daga Maraɗi da Galmi har Damagaram da Yamai, suna da wani darasi cikin Littafi Mai Tsarki da ya kamata kowane ma'aikaci ya yi nazarinsa.

Manzo Bulus yana tsare a kurkuku sa'ad da ya rubuta wa masu bi na Filibi wasiƙa. A sura ta 4 ya shaida musu cewa ya ɗanɗani yunwa, ya ɗanɗani ƙoshi, a cikinsu kuwa ya koyi wadar zuci da ƙarfin Almasihu. Ashe ba a haihuwar mutum da ita.

Wasu na ɗaukarta lalaci. Sun yi kuskure, domin Bulus ɗin nan ɗinkin tanti ya yi a Korinti, ya ci guminsa.

Inda ake gwada ta shi ne biro. A Luka sura ta 3, Yahaya Mai Baftisma ya gargaɗi masu karɓar haraji kada su ƙara bisa abin da aka yanka, sojoji kuma albashinsu ya ishe su, su bar ƙwace wa talaka. To, mai bin da ya rera waƙa a majami'a ranar Lahadi, ya miƙa hannu karɓar goro ranar Litinin, bai soma karatun ba.

Gaskiya ne albashi yakan ƙare kafin wata ya ƙare. A nemi ƙari ta hanyar doka, a rage bikin nuna isa, a bar aljihun talaka ya huta. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.