Mutumin da Ba Ya Sakewa da Jama'a

A kusan kowane zango akwai wani mutum da jama'a suka kasa gane kansa. Ba ya zagi, ba ya duka, yana neman abincinsa, amma ba ya zama majalisa, kuma shigarsa daban take. Manya su ce girman kai ne, yara su bi shi da tsokana suna ce masa mahaukaci.

To, cikin irin waɗannan mutane akwai masu wata larura da likitoci ke kira sikizotaifal. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ita littafinta mai suna DSM a 1980, kuma bugu na biyar, na 2013, ya jera mata alamomi 9.

Ga su: ɗaukar duk abin da ya faru kamar da shi ake, imani da abubuwan da mutanensa ba su san da su ba, kamar cewa yana karanta zuciyar mutane, jin baƙon abu a jiki ko a kusa da shi, magana mai kewaye-kewaye, yawan zargi, fuska marar nuna murna ko damuwa inda ya dace, baƙuwar ɗabi'a ko shiga, rashin amini in ban da 'yan gida, da fargabar jama'a wadda sabo ba ya rage ta.

Sai an sami aƙalla 5, tun daga samartaka, a gida da waje, kafin likita ya ambaci wannan suna. Littafin ya kuma ja kunne cewa abin da al'umma ta yarda da shi ba alama ba ce. Saboda haka yarda da akwai aljanu ba ta sa ɗan zango cikin lissafi. Wannan ya shafe mu, mu da mukan zauna gaban likitan da bai ji Hausa ba. A tafi da ɗan'uwan da zai fayyace masa al'adarmu.

Ba mun kawo wannan jeri don kowa ya auna maƙwabcinsa ba ne; awo aikin likita ne. A nan Gana akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Akra, Pantang da Ankaful. Namu aikin shi ne mu tsawata wa yara, mu gaishe shi ko bai amsa ba, kada kuma mu cire sunansa ran rabon goron suna.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.