Kofin Kiristal Na Kallo Ne, Ba Na Ajiyar Zoɓo Ba

A shekarar 1674 wani ɗan kasuwa a Landan mai suna George Ravenscroft ya samu izinin masarautar Ingila na ƙera wani sabon nau'in gilashi. Ba da jimawa ba ya fara zuba dalma a cikin narkakken gilashin, sai ga shi ya ƙara nauyi, ya yi garau, ya kuma yi laushin da masassaƙi zai zana masa ado ba tare da ya tsage ba. Shi ne kiristal ɗin da kamfanoni irin su Waterford na Ayalan da Baccarat na Faransa suka yi suna da shi. Dokar Turai ta 1969 ma ta ce ba za a kira gilashi kiristal mai dalma ba sai sinadarin dalmar ya kai aƙalla kashi 24 cikin 100 na nauyinsa. Wato kusan rubu'in abin da mutum ya riƙe a hannu ke nan.

Waɗannan tsofaffin kaya ba a Turai suka tsaya ba. Suna shigowa cikin kayan gwanjo, a haɗa su da tangaran da cokula, mace ta ga tambulan da tulunsa mai murfi suna walƙiya ta saya don jeren ɗaki. Mai sayarwa zai ƙyasta bakin kofin da farce, ya bari ƙarar ta daɗe tana amsawa, ya ce, "Hajiya, kin ji ko? Wannan na asali ne." Gaskiya ya faɗa. Sai dai wannan amon da wannan nauyin, da launukan bakan gizo da ke wasa a gefen zanen in an ɗaga shi a rana, su ne alamun da ke sa a yi zargin dalma.

Tambayar ita ce ko dalmar tana fitowa. A 1991 masu bincike biyu na Jami'ar Kolumbiya da ke Amurka, Joseph Graziano da Conrad Blum, sun wallafa amsar a mujallar likitoci ta The Lancet. Sun zuba giyar inabi mai ɗauke da maikurogiram 89 na dalma a kowace lita cikin tulunan kiristal. Bayan wata huɗu adadin ya kai 3,518. A wasu giyoyin da suka daɗe ƙwarai a irin waɗannan tuluna sun samu har 21,530. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa maikurogiram 10 ta ƙayyade ga litar ruwan sha.

Wani zai ce ai wannan matsalar mashaya ce. Ko kusa. Tsami ne ke tsotso dalma daga jikin gilashi, tsawon lokaci kuma ya ƙara mata yawa. Zoɓo yana da tsami, haka ruwan tsamiya da lemon tsami da lemon kwali. Uwargidan da ta cika tulun kiristal da zoɓo ta sa a firji ranar jajiberin Sallah, ana ta tsiyaya har kwana uku, ta haɗa sharuɗɗan nan biyu ba da saninta ba.

Arewa ba ta buƙatar a yi mata bayanin gubar dalma. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Yargalma saboda ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa cikin gidaje. Ba daidai ba ne a kwatanta kofi da wannan bala'i, domin tazarar tana da yawa. Amma gubar ɗaya ce: tana taruwa a ƙashi na shekaru, tana ratsawa daga mai ciki zuwa ɗan tayi, tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro ba tare da zazzaɓi ko ƙurji da zai ankarar da iyaye ba. Likitoci har yau ba su amince da wani adadi da za a ce ba ya cutar da yaro ba.

Duk da haka babu dalilin farfasa kayan gado. Kiristal da ke zaune a kabet ba ya cutar da kowa, taɓa shi ma haka. Baƙo babba ya sha ruwa a ciki na 'yan mintoci jefi-jefi, abin da zai shiga jikinsa kaɗan ne. Inda ya kamata a ja layi shi ne ajiyar abin sha ko zuma ko yaji mai tsami a ciki, da amfani da shi kullum, da miƙa shi ga yaro ko mai juna biyu. Hukumar lafiya ta Kanada tana ba da shawarar a jiƙa sabon kiristal cikin ruwan khal na awa 24 sannan a ɗauraye sosai kafin a fara amfani da shi, abin da ke rage dalmar saman gilashin amma ba ya ƙarar da ita.

Mai son ƙyallin kuma yana son sha a ciki yana da mafita. Kamfanoni da dama yanzu suna maye gurbin dalma da sinadarai irin su zinki da bariyom da fotasiyom, kuma sukan rubuta hakan a jikin kwali. Kayan gwanjo ba sa zuwa da kwali, don haka duk tsohon gilashi mai nauyi da zane mai zurfi gara a ɗauke shi a matsayin mai dalma har sai gwajin ɗakin bincike ya nuna akasin haka.