Wa Ya Jarraba Mai Raba Mana Gado?

Jama'ar unguwa, mu nawa ne a cikinmu muka taɓa taka Babbar Kotun Jiha? Ƙalilan ne. Amma da wuya ka samu gidan da bai taɓa zama a bencin ƙaramar kotun shari'a ba, ko kan saki, ko ciyar da 'ya'ya, ko bashi, ko iyakar fili, ko rabon gado. Mu da iyayenmu suka zo Bauchi da fatauci daga Kano, Katsina da Zazzau, yawancin gidajenmu saye ne, da takardar mai unguwa da shaidu biyu, wasu cikin shaidun ma sun riga mu gidan gaskiya. In rigima ta tashi ba mu da kawu a sama da za mu kira. Alƙalin nan na ƙasa shi ne duk abin da muke da shi.

To abin haushin shi ne, an tsananta sharaɗi a sama, an saki ƙasa. Tsarin mulkin 1999, sashe na 276, ya ce ba a naɗa Ƙadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a sai ya yi aƙalla shekara 10 da samun shaidar karatunsa. Ƙaramin alƙali kuwa an bar wa jiha da Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha, wadda Babban Joji ke shugabanta, Grand Kadi kuma mamba ne. Ku faɗa mana, wa ya taɓa ganin an liƙa sakamakon jarrabawar masu neman alƙalanci kamar yadda ake liƙa na 'yan makaranta? Sunaye kawai muke ji a rediyo ranar rantsarwa.

Kada wani ya ce ai haka muka gada. Tun 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Da za a fara aiki da kundin Final Kod a 1960, sai da aka riƙa tura alƙalai kwas a Cibiyar Koyon Mulki ta Zariya. Mutanen wancan lokaci sun san sabuwar doka tana buƙatar sabon horo. Da aka faɗaɗa shari'ar Musulunci a Bauchi a 2001, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, mun yi kabbara, mun cika fili, ba wanda ya tsaya ya tambayi wa zai ɗauki wannan kaya. Mun kuma ga abin da ya faru a maƙwabta. Hukuncin jifa da aka yanke a Sakkwato a 2001 an soke shi a 2002, na Katsina aka soke a 2003, kuma cikin dalilan da kotun sama ta kawo a na Katsina har da cewa alƙali ɗaya ne ya zauna a inda doka ta ce uku. Duniya ta yi ta zagin shari'a, alhali kuskuren na masu zaman kujera ne.

Ba sai mun je nesa ba. Wata 'yar uwarmu a nan unguwa, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, ga mahaifinsa da mahaifiyarsa da rai. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin gado ya san wannan mas'ala: tumuni, da sulusi biyu, da sudusi biyu, sun fi ƙarfin dukiyar, don haka asalin 24 yake komawa 27, kowa ya ɗan ragu daidai rabonsa. A kotun da aka kai maganar, wadda ba za mu ambata ba, sai aka cika wa wasu nasu, aka zaftare na marayun. Ba ma zargin an ci hanci, lissafin ne ba a iya ba. Kotun sama ta gyara, amma sai da baiwar Allah ta sayar da keken ɗinkinta ta biya lauya da kuɗin kwafin shari'a. Wa zai mayar mata da keken?

Haka ma maganar i'izari, wato alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja kafin ya yanke. Yana nan a Tuhfatul Hukkam, ɗalibai ma sun haddace shi. Amma ku tambayi lauyoyin da ke zirga-zirga a kotunan ɗaukaka ƙara sau nawa ake rusa shari'a a ce a sake ta daga farko don an tsallake shi.

Mun san ɓangarori biyu za su taso mana. Masu digiri za su ce a ɗauki lauyoyi zalla a huta. Haba! Lauyan da ba zai iya buɗe Muhtasar ya karanta da Larabci ba, me zai yi da rigimar idda ko shuf'a? Malaman zaure kuma za su ce ilimi ba a takarda yake ba. Gaskiya ne, amma malamin da bai san hurumin kotunsa ba, bai iya rubuta bayanin shari'a yadda kotun sama za ta karanta ta gane ba, shi ma cutar da mu zai yi ko da ya fi kowa tsoron Allah. Difloma daga Kwalejin A.D. Rufa'i ta Misau mafari ce mai kyau, muna alfahari da ita, sai dai yaron da ya gama jiya bai kai a damƙa masa gidan marayu ba.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin Majalisar Dokokin Jiha ba. A yi jarrabawa a rubuce da ta baka, a fiƙihu da Larabci da dokokin tafiyar da shari'a, a buga sakamakon kowa ya gani. Wanda ya ci ya zauna ƙarƙashin gogaggen alƙali na wasu shekaru kafin a ba shi kotu. Wanda hukunce-hukuncensa suka yi ta faɗuwa a sama a mayar da shi aji, ba a tura shi ƙauye ba, don mutanen ƙauye ma 'yan Adam ne. A kuma biya su albashin da zai raba su da kallon hannun masu ƙara.

Ɗan majalisarmu yakan zo ɗaurin aure da ta'aziyya a unguwar nan. Zuwa na gaba, kafin ya shiga mota, dattawa su miƙa masa wannan shafi, su tambaye shi ranar da zai kai maganar zauren majalisa.