Ragowar Shinkafa Ba Shara Ba Ce: Darasi Daga Ƙasar Filifin

Mu ma'aikatan gona mun saba auna asarar shinkafa a fadama, a masussuka, da cikin rumbu. Ba kasafai muke waiwayar asarar da ake yi bayan an sauke tukunya ba, alhali shinkafar da aka zubar bayan biki ko suna ta riga ta ci taki da ruwa da gumin manomi, ta kuma ci itacen girki. A ganina, wannan ita ce asara mafi tsada.

Mutanen ƙasar Filifin, inda aka kafa Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya a garin Los Baños a shekarar 1960, suna da tsohuwar dabara a kan haka. Suna yin wani abin ƙwalama mai ƙaras-ƙaras da suke kira ampaw, wanda garin Carcar na tsibirin Cebu ya shahara da shi. Ana baza ragowar dafaffiyar shinkafa a rana har ta bushe ƙayau. Sai a zuba ta kaɗan-kaɗan cikin mai mai zafi sosai. Ɗan danshin da ya rage cikin ƙwayar yakan zama tururi nan take, ya kumbura ta kamar gugguru. A gefe guda a narka baƙin sukarin rake da ɗan gishiri da ruwan wani ƙaramin lemon tsami nasu, har ya yi danƙo. Tsamin ne ke hana sukarin komawa tsaki-tsaki. A juya shinkafar a ciki, a danne ta a faranti, a yanka tun ba ta ƙanƙare ba. Wasu kan ƙara gyaɗa. Saboda cikinsa iska ce, har mutumin da ya cika ado ba ƙwazo sukan kira shi ampaw.

Babu abin da zai gagari matan karkararmu a nan. Wadda ta iya shanya ƙanzo ta yi kwaɗo ta riga ta san rabin aikin. Mazarƙwaila za ta tsaya a madadin sukarinsu, lemon tsami kuwa ga shi a kowace kasuwa. Iskar hunturu ma ta fi tasu busar da abu, domin ƙasarsu mai laima ce.

Sai dai akwai gargaɗin da ya wajaba malamin gona ya fara da shi kafin ya koyar da suya. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa, kuma dahuwa ba ta kashe irinta. Idan dafaffiyar shinkafa ta kwana a rufe cikin ɗumi, ƙwayar takan hayayyafa ta saki dafin da ke sa amai, wanda suya ba ta lalata shi. Don haka a baza shinkafar da zarar an gama ci, a shimfiɗa ta siriri a kan tsaftataccen faifai ko tire, a ɗaga ta daga ƙasa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. Wadda ta taɓa miya, ko ta fara yauƙi ko wari, ba ta shiga wannan aiki. Da damina kuwa, idan rana ba ta tabbata ba, gara a haƙura.

Shawarata ga malaman gona mata masu zama da ƙungiyoyin mata ita ce su fara gwadawa a gidajensu da kofi ɗaya, su lissafa kuɗin mai da na mazarƙwaila, kafin su ce wa kowa akwai riba a sayar da shi.