Shin me ya sa riba ke cinye jarin 'yan kasuwar Mai'adua?

A kowace Lahadi, miliyoyin naira ne ke sauya hannu a kasuwar dabbobi ta Mai'adua da ke masarautar Daura, inda fatake daga Jamhuriyar Nijar ke haɗuwa da masu saye daga kudancin Najeriya. Sai dai yawancin wannan ciniki a ka ake riƙe lissafinsa, kuma abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun nuna haɗarin hakan.

An rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A tsakani kuma an yi fama da ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya tsayar da kuɗi a hannun masu bashi, ya bar kaya a jibge.

Takardu uku

Masana harkar akanta na dogara ne da takardu uku. Ta farko ita ce ta riba da asara, wadda ke cire kuɗin saye, da na mota, da la'adar dillali, da abincin dabba daga abin da aka sayar. Ta biyu tana jera abin da mutum ya mallaka a rana guda, wato kaya da tsabar kuɗi da bashin da yake bi, sannan ta cire bashin da ake binsa. Abin da ya rage shi ne jarinsa. Ta uku kuwa tana bin sawun kuɗin da suka shiga hannu da waɗanda suka fita.

Bambancin yana da muhimmanci. Wanda ya tura shanu Legas bashi yana iya samun riba a takarda ta farko, amma ta uku ta nuna ba shi da abin sayen ko tinkiya ranar kasuwa.

Matsalar canji

Ga mazauna bakin iyakar Kongolam akwai ƙarin tarko. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a hukumance, amma a 2024 ta haura 1,500, sefa ma ta yi tsada. A misali, wanda ya sayi sa a naira dubu 500 ya sayar dubu 600 zai ɗauka ya ci riba, alhali idan irin wannan sa ya koma dubu 700 a Damagaram, jarinsa ne ya ragu. Idan ya kashe dubu ɗarin nan a gida, to uwar kuɗi ya ci.

Haraji da zakka

Sababbin dokokin harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2026, sun yafe haraji kan naira dubu 800 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara. Amma wanda ba shi da rubutu zai yi wuya ya nuna abin da ya samu idan jami'ai suka yi masa ƙiyasi. Haka ma banki ba ya ba da rance sai ya ga lissafi.

Ita ma zakkar kayan ciniki, wato ɗaya cikin arba'in, tana buƙatar a ƙiyasta kaya da kuɗi da basussuka a ƙarshen shekara, wanda shi ne aikin takarda ta biyu.

Farawa ba ya buƙatar kwamfuta. Littafi ɗaya, da boko ko da ajami, da raba aljihun gida da na kasuwa, sun isa su nuna wa ɗan kasuwa ko jarinsa na ƙaruwa ne ko kuwa narkewa yake yi.